Taɓarya daga Dakar

Asabar, 5 ga Oktoba

Sun iso! Shekara goma sha ɗaya rabon Ummaru da Matameye, yau ga shi a tsakar gida, ƙanena da na goya, har da tumbi. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi guɗa, ta yi kuka, ta koma ta hau shi da faɗa wai ya rame. Mutumin da ƙofar ɗaki ta kusa yi wa kaɗan!

Matarsa Kumba, 'yar Dakar. Doguwa ce ta gaske, sai da ta sunkuya kafin ta shiga ɗakin Inna. Ga fara'a, ga idanu masu yawo a kan komai. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "lafiya lau" ba. Da na yi mata Faransanci sai ta kama hannuna da hannu biyu ta ƙi saki. Ba zan ɓoye wa wannan kayen da nake rubutu a ciki ba, na ji daɗi. Shekara goma sha bakwai ina koyar da Faransanci a koleji, in an tashi lakwal, wato makaranta, ba ni da abokin hira da shi sai rediyo.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ummaru ya ja ni zaure. Ashe akwai magana a ƙasa.

"Yaya, alkawarin wata uku muka yi da ita. In ta ji za ta iya zama, in buɗe garejin gyaran injin ban ruwa a nan. In ba ta iya ba, farkon sabuwar shekara mu koma. Maigidana na Dakar ya ajiye mini gurbina."

Inna ba ta sani ba. Inna da ta gama gaya wa unguwa kaf cewa ɗanta ya dawo ke nan, har ta sa an yi wa ɗaki sabon daɓe.

Na ce masa ya bar mini. Harshe ne matsalar, harshe kuwa sana'ata ce. Ni da ke fama da yara tamanin a aji ɗaya, mace guda za ta gagare ni? Na saya mata kaye da bik na rubutu. Kullum bayan La'asar, awa ɗaya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kumba kanta na ja. Gaisuwar safe, ta rana, ta yamma, ta maras lafiya. "Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri." Ta faɗe shi tsaf, ba gargada. Da ɗalibaina haka suke, da ban yi furfura ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ruƙayya ta zo ganin amarya. Na san za a rina.

'Yar Kawu Lawwali ce, wan Inna, wato taubashiyarmu. Ita 'yar namiji, mu 'ya'yan mace, don haka tun muna yara take kiranmu bayinta. Gajeruwa, mai faɗi, kullum tana ƙanshin man gyaɗar da take sayarwa. Baki ba linzami. Ni dai ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, "Madam, ina wuni," sannan ta juya ta ƙare wa Kumba kallo daga sama har ƙasa, a gaban mata kusan goma.

"Yanzu bawana ya yi shekara sha ɗaya a bakin teku, abin da ya samo mana ke nan? Taɓarya? To madalla, daman tamu ta tsage."

Mata suka kwashe da dariya. Kumba ta dube ni tana murmushi, tana jiran fassara. Me zan ce wa baƙuwar da ko mako ba ta yi ba? Na ce mata da Faransanci, "Ta ce barka da zuwa, ta ce ke doguwa ce mai kyau."

Kumba ta rusuna. "Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri."

Dariya ta ƙaru. Ruƙayya ta sake: wai in tambaye ta ko a garinsu ba a ba mutane abinci ne. Na ce tana tambayar ya gajiyar hanya. Kumba ta sake godiya. Da suka tafi ta buɗe kaye ta ce in rubuta mata kalmar nan mai daɗi. Na rubuta: taɓarya, mace doguwa mai kyau.

Ƙarya ce, na sani. Amma in ta ji gaskiya gobe za ta ɗaure kaya. Allah ya yafe mini.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ta dafa mana shinkafa da kifi irin ta garinsu, da busasshen kifi, don shi muke da shi. Inna ta ce ita ba ta cin abincin da ba tuwo ba. Ta ci, ta ƙara, ta ce a ajiye mata ƙanzo.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ummaru ya fara zuwa Dungu gyara wa masu garka, manoman rani, injinan ban ruwa. Ya dawo da damin rake a bayan moto, fuskarsa duk baƙin mai, yana waƙa. Muka zauna muna koya wa Kumba shan rake. Tana ta haɗiye tuƙar! Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji gidan nan da hayaniya haka tun Baba na da rai.

Da yamma mun yi hira da Kumba ta kusan awa biyu, duk da Faransanci. Teku, motocin Dakar, 'yan'uwanta mata biyar. Darasin Hausa ya sha ruwa. Gobe ma rama.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Kasuwa tare. Ni ke magana, ita ke riƙe kwando.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ruƙayya ba ta gaji ba tukuna. Duk haɗuwa sai ta jefo wata: taɓarya, sandar kaɗo mangwaro, wai in an ɗauke wuta a ɗora mata fitila a ka unguwa ta samu haske. Ni kuma ina tsaye a tsakani ina tacewa. Na zama rariya. Kumba na godiya.

Yau sai na ga Ruƙayya ta ɗan dube ta, ta ce, "To, Madam Na-gode, a huta lafiya." Ba dariya a muryarta.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

An daina tsokanar. Yanzu duk gidan da muka shiga sai a kawo wa Kumba kujerar roba, a zuba mata abinci a faranti ita kaɗai, har da cokali. Matan unguwa na gaishe ta kamar matar kwamanda. Na ce wa Ummaru ka gani, sun fara sanin darajarta. Ya ci gaba da wanke hannu.

Hausarta kuwa tsabtatacciya. Ba ta kuskure. Sai dai ba ta cika yin ta ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ta ƙi buɗe kaye yau. Ta zauna a bakin gadona tana wasa da bik, ta ce da Faransanci:

"Yaya, mutanen nan suna da kirki. Amma ba wanda ke taɓa ni. In na shiga ana dariya sai a yi shiru, a kawo kujera."

Sai ta ba ni labarin garinsu. Ita sunan zuriyarsu Njay. Maƙwabciyarsu kuma Jop ce, su kuwa Njay da Jop abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowace safiya matar nan sai ta leƙo ta katanga ta ce mata acici, baiwata, kin cinye shinkafar unguwa. Ita kuma ta rama. Ta ce ranar da za ta taho, matar nan ce ta fi kowa kuka a tasha.

"Wata biyu ba wanda ya zage ni, Yaya. Kamar ba ni da kowa."

 Na ce bari in duba tukunya. Ba abin da na ɗora a wuta.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ta sauko da akwatinta daga kan kabad. Wai ƙura za ta kakkaɓe. Ummaru ya daina waƙa.

Gobe zan gaya mata. Gobe.

Litinin, 2 ga Disamba

Ban gaya mata ba. Taɓarya ce ta riga ni.

Inna ce ta ba ni labarin farkon abin. Za ta daka yaji, ta ce, "Kumba, miƙo mini taɓarya." Kumba ta yi murmushi ta ce na gode ƙwarai. Inna ta sake faɗa. Ta sake godiya. Inna ta nuna mata da hannu, ga ta can jingine da bango. Wai ta ɗauka ta daɗe tana kallonta, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko kaye.

Na dawo daga lakwal na tarar da ita a zaure, taɓarya a hannun dama, kaye a hagu, a buɗe daidai rubutuna. Da Hausa ta tambaye ni.

"Yaya Habsatu. Wannan ni ce?"

Na zauna a dakali na faɗa mata komai. Taubashi, bawa da ubangida, mangwaro, fitila. Na ce tsoro na ji kada ta ji haushi ta tafi mana da Ummaru.

 Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta zame ta zauna a ƙasa, tana maimaita "fitila a ka, fitila a ka." Can dariyar ta juye kuka.

"Sau nawa ta zage ni?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ni kuma ina cewa na gode! Tana miƙo mini hannu, ke kina mayar mata da shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ko ranar da sufeto ya kama ni da kuskure a tablo, allon aji.

Talata, 3 ga Disamba

Ta ce in koya mata ramuwa. Na ɗauki bik, na zauna, na zauna. Ko ɗaya ba ta zo ba.

Dole in rubuta wannan, tunda yau ranar tonon asiri ce. Shekarar da na gama makarantar horon malamai a Damagaram, na dawo da tabarau da jaka a kafaɗa. Ruƙayya ta tare ni a gidan biki ta ce baiwata ta dawo da ido huɗu. Na dube ta na ce, "Ba na son irin wannan wasa." A gaban mutane. Tun ranar ta koma kirana Madam. A lokacin na ɗauka nasara na yi.

Na ce wa Kumba ni wannan fannin ban karanta shi ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Inna! Wa zai ce?

Ba za ta koya wa surukarta baƙar magana ba, akwai kunya. To sai ta koma yi da akuya. Tana ba ta dusa, carbi a ɗaya hannun, tana ɗaga murya daidai tagar Kumba:

"Ke akuya, in wata ta taɓa ki, kada ki yi saurin amsawa. Ki bari dariya ta lafa. Ki dube ta sama da ƙasa tukuna. Kuma ban da iyaye, ban da abin da zai sa ta kwana da ciwo. Jikinta, girkinta, rowarta, duk naki ne."

Akuya na tauna. Labulen taga na motsi.

Kumba ta daina zuwa darasin La'asar. Tana can gidan maƙwabta wajen ɓarar gyaɗa, ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma tana saurare. Ni ina nan da awa ɗaya a hannuna ban san abin da zan yi da ita ba. Na goge takalma.

Asabar, 14 ga Disamba

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Yau ranar matsar mai ce a gidan Ruƙayya. Mata sun taru, ana suya, ana juya tunkuza a turmi uku, hayaƙi ko'ina. Kumba ta ce in raka ta. Na bi ta, na shirya fassarar gaskiya ko da za ta kashe ni.

Ruƙayya ta gan mu, ta goge hannu, ta jawo kujerar roba. "Sannu da zuwa, Madam. Bisimilla."

Kumba ta ture kujerar da ƙafa. Ta gyara ɗaurin zane. Ta dube ta sama da ƙasa, a hankali, yadda aka koya wa akuya.

"Ruƙayya, turmi nawa gidan nan?"

"Uku ne, Madam."

"Ni na ga huɗu. Ɗaya ya ɗaura zane, yana kawo mini kujera."

Tsit. Har ƙarar gyaɗa a kasko ana ji. Ruƙayya ta saki baki. Sai ta dafe ƙirji ta ƙwala ihu:

"La'ilaha illallahu! Jama'a, taɓarya ta yi magana!"

"I, taɓarya ce. A Dakar taɓarya ke dukan turmi. Ban san na Matameye ba."

Wayyo Allah. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta faɗi a kan buhun gyaɗa tana riƙe ciki. Ruƙayya ta ruga ta rungume ta, kanta ko ƙirjin Kumba bai kai ba, tana dukan bayanta tana cewa 'yar banza, ashe kina ji, wata biyu kina cin amanata da na gode! Daga nan aka buɗe fage. Ta ce, ta rama, ta ce, ta rama. Hausar Kumba duk ta karkace, namiji ya koma mace, jiya ta koma gobe. Ba wanda ya kula. Ruƙayya ta danƙa mata turmin da ya fi nauyi ta ce baiwa ba ta zama.

Ni ina tsaye, fassara a bakina, ba wanda ya nema. Can wata ta lura da ni, ta ɗauko kujerar nan da aka ture ta kakkaɓe. "Madam, zauna mana."

Na zauna.

Lahadi, 15 ga Disamba

Tafin hannun Kumba duk ya yi bororo. Tana shafa man kaɗe tana dariya ita kaɗai.

Juma'a, 20 ga Disamba

Ta tafi kasuwa ba ni. Ta dawo tana ba Inna labarin mai tumatir da Hausa, da hannu, da ƙafa. "Ƙwarai" ta ɓace daga bakinta. Yanzu sai "kai!", "wallai", "ke dai bari". Ta kwaso har da jan muryar Ruƙayya. A jimla ɗaya na ƙirga kuskure huɗu, hannuna har ƙaiƙayin jan bik yake. Amma Inna ta gane komai, ta kuma yi dariya a daidai wurin dariya. A wata biyun da ta yi tana Hausa mai tsabta ban taɓa ganin ta ba wani dariya da gangan ba.

Faransanci yanzu sai in ta gaji, ko in tana kewar 'yan'uwanta. Ranar nan ta zo ta yi mini minti goma, sai aka kira ta daga waje, "Ke Taɓarya, fito!" Ta tashi da gudu.

Alhamis, 26 ga Disamba

Akwati ya koma kan kabad. Ban tambaya ba. Na dai leƙa sau biyu in tabbatar.

Lahadi, 29 ga Disamba

Ummaru ya kira maigidansa na Dakar ya yi masa godiya, ya ce a ba wani gurbin. Ya kama shago a bakin hanyar Dungu.

Kumba da kanta ta je ta durƙusa gaban Inna. "Inna, mun zauna."

Inna ba ta ko ɗaga kai daga tsintar wake ba. "Daman ina za ku?" Sai da Kumba ta fita ta share ido da bakin mayafi, ta ce mini, "Ke da ƙanenki kun ɗauka zaure ba shi da kunne? Tun ranar na ji ku. Wata uku nake kai kukana wurin Allah."

An yanka zakara. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 2 ga Janairu

Ba wani abu ba ne, amma bari in rubuta.

Ruƙayya ta kawo wa Inna mai da yamma. Ina zaune ina duba takardun yara. Ta rusuna kamar kullum. "Madam, ina wuni."

Ban shirya ba. Wallahi ban shirya ba. Kawai ji na yi bakina ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe har turmi ya gangaro mana?"

Ta tsaya da kwalba a hannu. Ta daɗe tana kallona, har na fara nadama. Sai ta ajiye kwalbar a hankali, ta riƙe ƙugu.

"Kai, jama'a! Baiwata mai ido huɗu ta farfaɗo! Shekara sha bakwai ina ajiye miki, yau za ki karɓi kayanki."

Ta fara daga tabarau. Ta bi ta jaka, ta tafiyata, ta shayin da nake sha ba sukari, ta sauka har takalman da na goge. Ba ta bar komai ba. Inna na ɗaki, ina jin gadonta na girgiza. Sai ga Kumba ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

"Yaya, in fassara miki? Ta ce ke mace ce mai kyau."

Hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido, shi ya sa na cire tabarau.

Ruƙayya ta ce in zo matsar mai ran Asabar, kuma kada in sa ran kujera. Ina da takardu tamanin da ban duba ba. Zan dai leƙa, ba daɗewa zan yi ba.

Na fito da tsohon zane.